Jemagen 1896 da abin da yake koya wa idon mai kallo

Wani ƙaton jemage ya shigo zauren wani tsohon gidan sarauta yana kaɗa fikafikai, ya yi ta shawagi a sama, sai kawai aka nemi jemage aka rasa, ga mutum tsaye a gurbinsa sanye da irin tufafin da Turawa suke siffanta Shaiɗan da su. Mutumin ya miƙa hannu, wata babbar tukunya ta bayyana, mace ta fito daga cikinta. Can sai ga wasu barade biyu sun shigo. Ɗaya ya ranta a na kare, ɗayan ya tsaya yana fama da kwarangwal da fatalwoyi masu fararen mayafai, har ya samu ya ɗauko gicciye ya ɗaga, Shaiɗan ya ɓace. Duka labarin bai wuce minti uku da 'yan daƙiƙoƙi ba, kuma babu magana babu sauti a cikinsa. Sunan fim ɗin Le Manoir du diable, wato gidan Shaiɗan. Bafaranshen nan Georges Méliès ne ya shirya shi a 1896, kuma shi ne akasarin marubuta tarihin fim suke lissafawa a matsayin fim ɗin ban tsoro na farko.

Wanda ya kalle shi a yau ba zai razana ba, ko da ƙaramin yaro ne, kuma wannan ne ya sa mutane da yawa suke ɗaukar irin waɗannan gajerun fina-finai a matsayin tarkacen tarihi da ya dace a bar wa masu bincike. Ban yarda da wannan ra'ayi ba. Ina ganin wajibi ne hukumomin ƙasashen da fina-finan suke hannunsu su ci gaba da kashe kuɗin jama'a wajen adana su da gyara su da sakin su kyauta, kuma ina ganin ya dace malaman makaranta a ko'ina, har da namu, su riƙa nuna wa ɗalibai su. Dalilina shi ne a cikinsu ne aka fi ganin ɗinkin da ya haɗa hoto da yaudara, domin an yi su ne tun kafin masu sana'ar su ƙware wajen ɓoye zaren.

Méliès mai rufa-ido ne kafin ya taɓa kyamara. A 1888 ya sayi gidan wasan Robert-Houdin da ke Paris, inda yake nuna wa 'yan kallo siddabaru a kan dandamali, da ƙofofin ɓoye da madubai da igiyoyi. Lokacin da 'yan'uwan nan biyu 'yan gidan Lumière suka fara nuna hoto mai motsi ga jama'a da kuɗi a ranar 28 ga Disamba 1895, ya nemi su sayar masa da na'urarsu suka ƙi, sai ya sayo na'urar haska fim daga hannun Robert Paul a Landan, ya sauya mata fasali ta zama ta ɗaukar hoto. Abin da 'yan gidan Lumière suke ɗauka shi ne ma'aikata suna fitowa daga masana'anta ko jirgin ƙasa yana shiga tasha. Shi kuwa Méliès, da ya riƙe na'urar, sai ya ga ya samu kayan aikin da ya fi kowace ƙofar ɓoye da ke gidan wasansa. A cikin shekarar 1896 ɗin ya ɗauki wasan ɓatar da mace da aka saba yi a dandamali, ya maimaita shi a fim: ya lulluɓe ta da mayafi, ya yaye babu kowa, sannan kwarangwal ya bayyana a kujerarta.

Dabarar ba ta da wuyar fahimta. Ana tsayar da ɗauka, kowa ya daskare a inda yake, a cire abin da ake so ya ɓace ko a saka wani a gurbinsa, a ci gaba da ɗauka, daga baya a yanke zaren fim ɗin a manne shi daidai yadda ido ba zai lura da tsallaken ba. Méliès ya ba da labarin cewa ya gano ta ne bisa tsautsayi, ranar da na'urarsa ta cije yana ɗaukar titi a Paris, da ya duba hoton sai ya ga motar haya ta rikiɗe ta zama motar ɗaukar gawa. Masana tarihi suna shakkar labarin, domin an riga an yi amfani da dabarar a Amurka tun 1895, a wani fim na kamfanin Edison mai tsawon daƙiƙa 18 da ya kwaikwayi kisan Sarauniya Mary ta Scotland. A ciki an ga sarauniyar ta durƙusa ta ɗora wuyanta a kan kututture, hauni ya ɗaga gatari, aka tsayar da ɗauka aka saka mutum-mutumi a gurbinta, gatari ya sauka, hauni ya ɗaga kan ya nuna wa mai kallo. Ya kamata a tsaya a yi tunani a kan wannan: ɗaya daga cikin abubuwan farko da ɗan Adam ya yi da yankan fim shi ne ya nuna kisan da bai auku ba tamkar ya auku.

A Ingila ma daga irin wannan gidan sana'ar ta fito. George Albert Smith na yankin Brighton ya fara ne da wasan gusar da hankali a dandamali, kuma shi da abokinsa Douglas Blackburn sun shahara da iƙirarin cewa ɗayansu yana karanta abin da ke zuciyar ɗaya, har wata ƙungiyar masu binciken al'amuran ruhi ta gaskata su. Bayan shekaru Blackburn ya fito ya ce haɗin baki ne suka yi, ko da yake Smith ya musanta. Wannan Smith ɗin ne ya ƙware a dabarar ɗaukar hoto sau biyu a kan zare ɗaya, wato a ɗauki ɗaki, a mayar da zaren baya, a sake ɗaukar mutum a gaban baƙin ƙyalle, sai mutumin ya fito shara-shara ana hango bango ta jikinsa. Duk fatalwar da aka gani a fim tun daga wannan lokaci jikar wannan dabara ce.

Asalin abin ya ma girmi fim da kusan shekara ɗari. A ƙarshen shekarun 1790 wani mutumin Liège mai suna Étienne-Gaspard Robertson yana tara jama'a a wani tsohon gidan ibada da aka ƙaurace wa a Paris, ya kashe fitilu, ya haska hotunan kwarangwal da matattu a kan labule ko a kan hayaƙi da wata fitila mai gilashi. Ya ɗora fitilar a kan ƙafafun taya a bayan labulen, yana matsawa gaba da baya, hoton yana ƙanƙancewa yana girma kamar fatalwar tana tunkaro mutane. A nan ne labarin ya taɓo mu, domin kalmar majigi da muke amfani da ita ta samo asali ne daga sunan Turanci na wannan fitila, wato magic lantern. Kuma da fim ya iso ƙasar Hausa, ɗaya daga cikin sunayen da mutanen Kano suka laƙaba masa shi ne dodon bango. Ban ga ƙauyanci a cikin wannan suna ba, hasali ma na ga kaifin lura. Marubucin Rasha Maxim Gorky, da ya fara ganin fim a Nizhny Novgorod a 1896, ya rubuta cewa ya ziyarci masarautar inuwoyi, duniya mai ruwan toka da mutane suke motsi a cikinta ba tare da ƙarar takunsu ba. Abin da ya gani ɗin hotunan titi ne da jirgin ƙasa, babu Shaiɗan babu fatalwa a ciki, amma jikinsa ya ba shi abin da ya bai wa kakanninmu. Tsoron yana cikin na'urar tun kafin a rubuta mata labarin tsoro.

Akwai masu cewa kuskure ne a kira fim ɗin Méliès na ban tsoro, kuma suna da hujja. Ya yi shi ne don ya ba da mamaki da nishaɗi, ga shi kuma sunan wannan rukuni na fina-finai bai zauna ba sai a farkon shekarun 1930, bayan kamfanin Universal ya fitar da Dracula da Frankenstein masu sauti a 1931. Na amince da wannan gyara. Sai dai kayan aikin duk suna nan a cikin minti ukun: jemage mai rikiɗa, tsohon gida, kwarangwal, abin da yake bayyana a bayan mutum bai sani ba, da alamar addini da take korar mugun abu. Abin da ya rage shi ne a rage gudu, a bar mai kallo ya jira, a sa ya damu da wanda abin zai faɗa wa. Masu zuwa daga baya sun ƙara wannan, irin su Segundo de Chomón, ɗan Sifaniya da ya yi wa kamfanin Pathé aiki, wanda a fina-finansa na wajajen 1907 wuƙa take yanka burodi da kanta a gidan da aljanu suka mamaye.

Fim ɗin da nake ganin ya fi nuna wannan sauyi shi ne Frankenstein na 1910, wanda J. Searle Dawley ya shirya wa kamfanin Edison a New York, daga littafin Mary Shelley na 1818. Tsawonsa bai kai rubu'in awa ba a kwafin da ake kallo yanzu, kuma Charles Ogle ne ya fito a matsayin dodon, da buzu-buzun gashi da dogayen yatsu. Wurin da ya fi ɗaukar hankali shi ne halittar dodon. Frankenstein, ɗalibin da ya ƙirƙiri dodon, ya zuba magunguna a wata ƙatuwar tukunya, ya rufe ƙofar ƙarfe, yana leƙe ta wata 'yar taga, sai ga ƙashi yana tasowa daga cikin wuta, tsoka tana taruwa tana manne masa, hannu yana motsi tun jikin bai kammala ba. Yadda aka yi shi ne an haɗa mutum-mutumi a kan kwarangwal, aka cinna masa wuta, aka ɗauki hotonsa yana ƙonewa, sannan aka juya zaren aka nuna shi daga ƙarshe zuwa farko. Wanda ya zuba ido zai ga hayaƙin yana komawa ƙasa a maimakon ya tashi sama. Wannan hayaƙi mai komawa baya shi ne darasin da nake magana a kai, domin shaidar dabarar tana cikin hoton, tana jiran wanda ya san inda zai duba. Duk da haka, sanin sirrin bai hana ni jin wani iri a jikina ba duk lokacin da na kalli wannan wuri, kuma wannan ya nuna mini cewa fahimtar dabara ba ta kashe daɗin kallo.

Ƙarshen fim ɗin ya ƙara mini girmama masu shi. Dodon ya tsaya gaban madubi, ya ga kamanninsa, sai jikinsa ya ɓace ya bar hotonsa a cikin madubin. Da Frankenstein ya shigo ya duba, dodon ya gani a inda ya kamata ya ga kansa, kafin siffar ta dushe tasa ta dawo. Kamfanin Edison ya sanar tun a lokacin cewa ya cire abubuwan ƙyama na labarin ya mayar da hankali kan ɓangaren ruhi da tunani, kuma ba shakka gudun fushin masu sa ido kan tarbiyya yana cikin dalilansa. Amma takurar ta haifar da ra'ayin da ya rayu, cewa dodon da ya fi ban tsoro yana iya zama mutum da kansa. Bayan shekara uku Jamusawa suka gina dogon fim a kan wannan tunani, Der Student von Prag, labarin ɗalibin da ya sayar da hotonsa na madubi, daga nan hanya ta buɗe zuwa fina-finansu na ban tsoro irin su Caligari na 1920 da Nosferatu na 1922.

Na san akwai mai karatun da zai ce ina amfanin nuna wa yara hotunan Shaiɗan da tsafi, kuma ban raina wannan damuwa ba. Ba ni da hurumin ba da fatawa, kuma ba na kira da a sakar wa yara fina-finan zubar da jini na wannan zamani, waɗanda ni kaina ba na iya kallon da yawa daga cikinsu. Abin da nake tunatarwa shi ne Alƙur'ani, a Suratul A'araf, ya siffanta aikin matsafan Fir'auna da cewa sun sihirce idanun mutane kuma sun tsoratar da su. Ruɗar ido da tsoratarwa tafiyarsu ɗaya tun fil'azal, kuma wanda bai san yadda ake ruɗar ido ba shi ya fi saurin faɗawa. Hausawa sun ce gani ya kori ji, kuma karin maganar ya yi aiki a zamanin da abin da ido ya gani yake gabansa da gaske. Yau bidiyo yana yawo a wayoyi ana cewa ga mutum ya rikiɗe ya zama tsuntsu, ko ga aljani an ɗauka a maƙabarta, mutane suna turawa suna salati, alhali sau da yawa dabarar da ke ciki ita ce wadda aka fille kan mutum-mutumi da ita a 1895, ko wadda Smith ya yi fatalwarsa da ita. Inda zargin maita yake iya jawo wa bawan Allah duka ko abin da ya fi duka, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Manhajojin ƙirƙirar hoto na kwamfuta sun ƙara dagula lamarin, domin su ba sa barin ɗinki a fili. Ɗalibin da aka zaunar aka nuna wa jemagen Méliès, aka tsayar da hoton a daidai inda aka yanke, ya ga yadda inuwa ta yi tsalle kaɗan, ya koyi tambayar da za ta yi masa amfani har tsufansa, wato wa ya riƙe kyamarar, kuma me ya faru a lokacin da aka tsayar da ita.

Sai maganar kuɗi, wadda ita ce ainihin abin da ya shafi hukuma. Zaren da aka ɗauki waɗannan fina-finai a kai, wanda ake yi da sinadarin naitiret har zuwa farkon shekarun 1950, yana kama wuta kamar fetur, kuma ko bai ƙone ba yana ruɓewa a hankali ya zama danƙo, daga baya ya koma gari. Tun a watan Mayu na 1897 gobara ta tashi daga wurin na'urar haska fim a wata kasuwar baje kolin sadaka a Paris, ta kashe mutane fiye da 120, yawancinsu mata. Ma'ajiyar kamfanin Fox ta ƙone a New Jersey a 1937, ta MGM kuma a 1965. Wani bincike da ɗakin karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya fitar a 2013 ya nuna cewa daga cikin dogayen fina-finai marasa sauti kusan 11,000 da aka yi a Amurka tsakanin 1912 da 1929, kashi 70 cikin ɗari sun salwanta gaba ɗaya. Wannan lissafin dogayen ne, waɗanda aka kashe wa kuɗi aka yi wa talla. Gajerun da ake nunawa a rumfunan kasuwa da gidajen wasa ba su da mai tsaya musu, da zarar sun gama zagaye sai a jefar ko a narkar.

Abin da ya sami Méliès ya ishi misali. Ya shirya fina-finai fiye da 500, kasuwa ta juya masa baya kafin yaƙin duniya na farko, a lokacin yaƙin aka narkar da ɗaruruwan zarurrukansa don a tatsi azurfar da ke jikinsu, ragowar robar kuma aka yi dunduniyar takalma da ita. A 1923, da bashi ya ci gidansa aka kuma rushe gidan wasansa, ya ƙone abin da ya rage a hannunsa cikin ɓacin rai. Ya ƙare yana sayar da alewa da kayan wasan yara a tashar jirgin ƙasa ta Montparnasse, har 'yan jarida suka gano shi, aka ba shi lambar girmamawa ta ƙasa a 1931, ya rasu a 1938. Kimanin 200 ne suka rage daga ayyukansa. Shi kansa fim ɗin gidan Shaiɗan an ɗauka ya ɓace, sai a 1988 aka gano kwafinsa a ma'ajiyar fina-finai ta New Zealand, can ƙarshen duniya daga lambun Montreuil inda aka ɗauke shi. Frankenstein na Edison kuwa ya tsira ne a hannun wani mai tara tsofaffin fina-finai a jihar Wisconsin, Alois Dettlaff, wanda ya riƙe shi shekaru da dama yana ƙyashin sakin sa, sai bayan rasuwarsa ɗakin karatu na Majalisar ya sayi tarin, ya gyara fim ɗin, ya sake shi a intanet a 2018. Nosferatu ma kotun Jamus ta ba da umarnin a lalata duk kwafinsa a 1925, bayan matar marigayi Bram Stoker, marubucin littafin Dracula, ta yi ƙarar satar fasahar mijinta, kwafin da suka riga suka fita waje ne suka cece shi.

Duk waɗannan sa'a ce, kuma ba a gina ma'ajiya a kan sa'a. Kamfanoni sun nuna tun da wuri cewa ba za su ajiye abin da ba ya kawo riba ba, mai tarawa kuma yana iya ɓoyewa ko ya mutu magada su zubar. Inda aka samu tsira mai yawa a lokaci ɗaya, doka ce ta jawo. Daga 1894 zuwa 1912 dokar haƙƙin mallaka ta Amurka ba ta san hoto mai motsi ba, don haka masu shirya fim suka riƙa buga kowane hoto a kan doguwar takarda suna kai wa ɗakin karatu na Majalisar a matsayin hotuna tsayayyu. Zarurrukan asali suka ƙone ko suka ruɓe, takardun suka zauna, kuma daga shekarun 1950 aka sake ɗaukar su ɗaya bayan ɗaya aka dawo da fina-finai kusan 3,000. Ma'ajiyar fina-finai ta Faransa da Henri Langlois ya kafa a 1936, da ta Birtaniya da aka buɗe a 1935, sun zo ne bayan mafi yawan ɓarnar ta riga ta auku, kuma har yau aikinsu na buƙatar ɗakuna masu sanyi da ƙwararru da kasafin da ba ya yankewa. Mayar da fim cikin kwamfuta ba ya sauke wannan nauyi, domin ma'ajiyar kwamfuta ma tana lalacewa, na'urar karanta ta kuma tana tsufa cikin shekaru kaɗan. Wannan gargaɗi ya shafi masu fina-finan Hausa kai tsaye, tunda yawancin abin da aka yi a Kano a shekarun 1990 a kan kaset ɗin bidiyo aka yi shi, shi kuwa kaset ba ya jure zafi da ƙura.

A 1898 Smith ya yi wani ɗan gajeren fim mai suna Photographing a Ghost, inda aka kawo fatalwa cikin akwati don a ɗauke ta hoto, ta ƙi tsayawa wuri ɗaya, tana ɓacewa tana dawowa, har ta shiga jifan mai hoton da kujeru. Mun san labarin ne daga takardar tallar masu sayar da fim, domin fim ɗin kansa ya ɓace. A wannan shekarar aka yi wasu gajeru biyu a Japan, ɗaya a kan gunki mai rikiɗa, ɗaya a kan gawar da ta farfaɗo, su ma sunayensu kawai suka rage. Waɗanda suka tsira kuwa haƙƙin mallakarsu ya ƙare tuntuni, suna nan kyauta a intanet, kuma tunda babu magana a cikinsu ba sa buƙatar fassara. Malamin da ke da waya ɗaya da minti goma a ƙarshen darasi zai iya nuna jemagen sau biyu, na farko a bar yara su kalla, na biyu a tsayar a daidai inda aka yanke zaren a tambaye su abin da suka gani.